Carmarthen: Garin Kasuwa da Mulki a Ƙasar Wales



Abin da nake so mu duba a yammacin nan shi ne yadda ƙaramin gari yakan riƙe girmansa bayan arziki ya ƙaura ya bar shi. Misalin da na zaɓa shi ne Carmarthen, hedkwatar lardin Carmarthenshire a kudu maso yammacin Wales, cikin Birtaniya.

Garin yana bakin kogin Tywi, a daidai inda jiragen ruwa ke iya haurowa daga teku. Rumawa sun kafa sansanin soja a nan wajen shekara ta 75 Miladiyya, suka sa masa suna Moridunum. Har yau ana ganin kufan dandalinsu na wasanni. A 1353 Sarki Edward na Uku ya sanya garin cikin 'yan wuraren da aka yarda a riƙa fitar da ulu daga cikinsu, watau gashin tumaki. Da wannan fatauci ya bunƙasa, har ya zamana a ƙarni na 16 babu garin da ya kai shi a duk Wales.

To, amma da zamanin masana'antu ya zo, sai aka tarar kwal yana can gabas. Llanelli, wadda ke cikin lardi ɗaya da shi, ta samu masana'antun kwano, ta fi shi jama'a. Jirgin ƙasa ya iso a 1852, cinikin bakin kogi ya yi ta ja da baya har ya mutu. Abin da ya rage wa garin shi ne kotu, da ofisoshi, da kasuwar shanu da manoman karkara ke cikawa.

Manoman nan kuwa ba kanwar lasa ba ne. Kuɗin hanya da ake karɓa a shingaye ya ishe su, domin ko farar ƙasar gyaran gona mutum ya ɗauko sai ya biya. Sai maza suka riƙa sa tufafin mata da dare suna farfasa shingayen, abin da ake kira Boren Rebecca. A watan Yuni na 1843 suka shigo gari da rana tsaka, suka afka wa gidan da hukuma ke tsare matalauta, sai da sojan doki suka tarwatsa su. Shekara na zagayowa majalisa ta gyara dokar hanyoyin.

A ganina, rashin masana'antun nan ne ya taimaka wa harshen Wales ya tsira a yankin, tun da baƙi ba su kwararo ba. A mazaɓar Carmarthen ne Gwynfor Evans ya ci zaɓe a 1966, ya zama ɗan majalisa na farko na jam'iyyar Plaid Cymru mai kishin Wales. A 2018 kuma gidan talabijin na S4C, mai watsa shirye-shirye da harshen Wales, ya taso da hedkwatarsa daga Cardiff ya dawo wannan gari, wanda ƙidayar 2011 ta ba shi mutum 14,000 da 'yan kai.