BAKINKA DA ƘURI'ARKA: LACCA GA JAMA'AR KATANGA DA KEWAYE

Iyayenmu sarakuna da malamai, dattawa da iyaye mata, samari da 'yan mata na Katanga, da baƙinmu da suka taso daga Jega da Aliero da Maiyama, barkanku da zuwa.

Duk ɗan takarar da ya zo nan zai yi muku maganar taki da ruwan sha da hanya da asibiti, kuma yana kan gaskiya. Amma akwai maganar da ta riga waɗannan duka, watau maganar baki. In aka karkatar da takin da aka ce naku ne, da me za ku yi kuka? Da baki. In aka ce an haƙa rijiya alhali ko rami babu, da me za ku tona asiri? Da baki. Wanda aka hana shi faɗi, an hana maƙwabcinsa ji. Wanda kuwa bai ji ba, jifa a duhu zai yi ranar zaɓe.

ABIN YA DAƊE

Jama'a, ku ne kuka fi kowa sanin wannan labari. Shekaru kaɗan kafin hijirar Shehu Usmanu ta 1804, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu kansa, kada wani malami ya ƙara yin wa'azi. Malam Abdussalami ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa ya zauna Gimbana, nan kusa da mu. Yunfa ya aiko da yaƙi aka ci Gimbana, aka kwashi mutane. Me ya biyo baya? Sarautar da ta hana magana ta faɗi, ɗan Abdussalami kuwa, watau Buhari, shi ya kafa garin Jega. Ashe tushenmu kansa na mutanen da suka ƙi a rufe musu baki ne.

A zamanin En'e, 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun sha ɗauri da bulala saboda lacca. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau 16. A zamanin soja, a 1984, aka kafa Doka ta 4, aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗaya ɗaya, saboda labarin naɗin jakadu. A 1985 aka soke dokar. Yau kuwa sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon riƙe ra'ayinsa, da faɗinsa, da karɓar labari daga wasu. Wannan haƙƙinku ne, wahalar mutanen baya ta samo shi.

LASIFIKA TA SHIGA ALJIHU

Dā can, talaka mai sauraro ne kawai. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, sai mai ilmin boko ya karanta wa saura. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. In kana da magana, sai ka rubuta wasiƙa ka jira, ko a karanta ko a jefa kwandon shara. Kafin 2001, layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba.

A watan Agusta 2001 wayar salula ta shigo, zama ya canja. Manomin albasa a Aliero, dā sai abin da dillali ya gaya masa. Yanzu kafin a ɗora buhu a mota ya ji farashin kasuwar Mile 12 ta Ikko da na Onica. Tsohuwa a Katanga tana jin muryar ɗanta da ke ci-rani, ya turo mata kuɗi ta karɓa wurin mai POS. Daɗin daɗawa, wanda bai iya karatu ba ma yana danna WhatsApp ya aika da muryarsa. Yaro ya ɗauki hoton ajin da rufinsa ya yaye, kafin la'asar an gani a Birnin Kebbi da Abuja. A zaɓen 2023, wakilan jam'iyyu da masu jefa ƙuri'a sun riƙa ɗaukar hoton takardar sakamako tun a rumfa. To, wanda ya saba cin tuwonsa a duhu, yaya zai ji da wannan fitila?

YADDA AKE NEMAN MAYAR DA HANNUN AGOGO BAYA

Ku saurara da kyau, ga su a jere.

A 2015 aka kafa dokar laifuffukan intanet. Sashe na 24 nata ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ga wanda ya aika da saƙon da aka ɗauka na cin fuska ne ko na ɓata rai. Wa zai auna ɓacin rai? Mai mulki. An kama 'yan jarida da matasa da yawa da wannan sashe, sai a 2024 aka yi masa gyara aka rage faɗinsa.

A ƙarshen 2015 ɗin nan, Sanata Bala Ibn Na'Allah, wanda ya wakilci Kebbi ta Kudu a lokacin, ya kai wani ƙuduri Majalisar Dattijai. Ƙudurin ya nemi a ɗaure mutum shekara 2 ko a ci shi tarar naira miliyan 2 in ya aika da zagi na ƙarya ta saƙon waya ko WhatsApp, ya kuma nemi mai kai ƙorafi ya fara rantsuwa a kotu. Jama'a suka yi ca, a watan Mayu 2016 majalisa ta janye shi. A 2019 aka sake kawo wasu ƙudurori biyu, ɗaya a kan kafofin sada zumunta, ɗaya a kan kalaman ƙiyayya, har da tanadin hukuncin kisa a na biyun. Su ma ba su zama doka ba, domin mutane ba su yi shiru ba.

Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter, wanda yanzu ake kira X, kwana 222. A watan Yuli 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa doka.

A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara duka, daga baya aka haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Dalilin da aka bayar shi ne a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto, kuma ba wanda zai raina wannan dalili. An ce na mako biyu ne, a wurare da dama ya zarce wata biyu. Ɗan kasuwa ya rasa abokin ciniki, mai POS ya rufe, ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa yadda zai kira ɗauki. Aka maido da waya, ta'addanci bai ƙare ba.

Ku lura, 'yan'uwa, wannan ciwo ya kama sarki, ya kama soja, ya kama farar hula na jam'iyyu dabam dabam. Ciwon kujera ne. Saboda haka kada ku dogara da kirkin mutum kaɗai, ku ɗaure shi da alkawari a gaban shaidu.

ITA MA WAYAR TANA DA DAFI

Kada mu yaudari kanmu. Magana zarar bunu ce, yanzu kuwa ta sami fiffike. A watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bi wayoyi cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane asibiti, har aka yi asarar rayuka. Tun ma kafin WhatsApp, jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake yaɗuwa, yara suka nakasa. Yau ana ɗauko hoton rikicin wata ƙasa a ce jiya aka yi a garin maƙwabta, don a haɗa manomi da makiyayi, ko Musulmi da Kirista. Har akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum ta sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba.

Mene ne magani? Wanda aka yi wa ƙazafi, kotu tana nan, ya kai ƙara a gaban alƙali, a kawo shaida. Wanda ya tunzura a zub da jini, doka ta kama shi. Amma sukar gwamna ko ciyaman a kan aikin da aka zaɓe shi ya yi, wannan ai gyara kayanka ne, ba ya zama sauke mu raba. Kuma babban abincin jita-jita shi ne ɓoye-ɓoyen hukuma. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ka ikon rubuta wa ma'aikatar Gwamnatin Tarayya ka nemi bayani, ta amsa cikin kwana 7. Inda aka baje lissafi a faifai, maƙaryaci ba ya samun kasuwa.

ABIN DA ZA KU TAMBAYI MAI NEMAN ƘURI'A

Kowane ne, daga kansila har shugaban ƙasa, namu ko na wasu, ku tsayar da shi ku tambaye shi:

1. In yaronmu ya soki aikinka a Facebook, za ka ba shi amsa ko za ka aika masa da 'yan sanda?
2. In aka kawo ƙudurin rufe bakin jama'a a majalisa, ina za ka ɗaga hannu?
3. Za ka riƙa liƙa kuɗin da ya shigo ƙaramar hukuma da inda ya tafi, kowane wata, inda kowa zai gani?
4. Gidan rediyo da talabijin na jiha, da kuɗin kowa ake gudanar da su. Za ka bar abokin hamayya ya yi magana a ciki?

NAKU AIKIN

Samari, kada ɗan siyasa ya saya muku data don ku zagi sa'an ubanku. Ranar da manya suka shirya, ku za a bari da gaba. In saƙo ya zo, ku tambaya: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In babu amsa, ya mutu a wayarka. Iyaye mata, ku ma kuna da murya, kada a ce siyasa ta maza ce. Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku jefa ƙuri'a, ku tsaya a ƙirga a gabanku cikin lumana.

Allah ya ba mu shugabanni masu kunnen sauraro, ya ba mu harshe mai faɗin gaskiya, ya zaunar da Jihar Kebbi da Nijeriya lafiya. Wassalam.