Hayaƙin Mota: Wanda Ake Gani da Wanda Ba A Gani

 Yau hirarmu a kan hayaƙin mota take. Ku kasa kunne, don zancen ya shafi direba, ya shafi fasinja.

Mota ba ta tafiya sai da wuta. A cikin inji, fetur yana gamuwa da iska, su ƙone. Kilo 1 na fetur yana bukatar iska wajen kilo 15. Abin da ya ƙone kuwa, dole ya bar hayaƙi. Don haka aka yi wa mota dogon bututu a ƙarƙashinta, daga inji har baya. Shi ne salansa. Mutane da yawa suna tsammanin rage ƙara ne kaɗai aikinsa. A'a. Babban aikinsa shi ne ya kai hayaƙi nesa da hancin waɗanda ke cikin mota.

Akwai hayaƙin da ido ke gani. In baƙi ne, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan; sau da yawa ƙura ce ta toshe matatar iska. In shuɗi ne, inji yana ƙona baƙin mai. In fari ne mai kauri, ba ya ɗaukewa, ruwa ya shiga inji. Duka uku, a je wurin bakanike.

Amma mugun shi ne wanda ba a gani. Masana suna ce da shi karbon monoksid. Ba shi da launi, ba shi da wari. In ka shaƙe shi, yana kama jini fiye da iskar da ke raya mu, sau 200 ko fiye. Sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa iska mai kyau. Da fari ciwon kai. Sannan jiri da tashin zuciya. Sannan barci mai nauyi. Wani daga barcin nan ba ya tashi.

Ku ɗauka kun shiga mota daga Maradi za ku Damagaram, lokacin ɗari. An rufe gilasai duka. Salansa ya hudu, hayaƙi yana shigowa ta ƙasa. Yaro ya fara kukan ciwon kai, direba yana gyangyaɗi. Kada ku ce gajiyar hanya ce. Ku sa a tsaya, kowa ya fita ya sha iska.

Ga abubuwa 4 da za ku riƙe:

1. In ƙarar mota ta sake, a duba salansa. A like hudar tun tana ƙarama.
2. Kada a tada mota ko injin wuta cikin ɗaki ko shago a rufe.
3. Kada a kwana cikin mota inji yana aiki.
4. In mutum ya suma da hayaƙi, a fitar da shi fili nan take, a kai shi gidan likita.

Yanzu kowa ya ɗauki alli, ya rubuta wannan a allonsa: hayaƙin da ba a gani shi ke kisa. Gobe in kun je tasha, ku faɗa wa direbanku.

Sai sati mai zuwa. Ku huta lafiya.