Asalin Majigi da Ayyukan da Aka Sa Shi

Kalmar nan majigi da ta zauna a bakin Hausawa baƙuwa ce. An aro ta ne daga sunan Ingilishi na wata na'ura, wanda ma'anarsa ita ce fitilar sihiri. Akwati ne mai fitila a ciki. Akan zura gilashi mai zane a gabanta, haske ya ratsa shi, ya bi ta wani gilashin mai ƙara girma, hoton ya faɗa jikin bango.

Masana sun fi danganta ƙirƙirarta ga Christiaan Huygens, mutumin Holan, wanda ya zana mata hotunan ƙwarangwal a 1659. Tun daga nan, kowa ya riƙe ta, bukatarsa yake biya. A 1798 Robertson ya riƙa tara mutanen Faris cikin duhu yana nuna musu fatalwa don neman kuɗi. A 1854 ɗan mishan David Livingstone ya nuna hoton Annabi Ibrahim riƙe da wuƙa a fadar Sarki Shinte, a yankin kogin Zambezi, mata suka watse don tsoro.

Bayan bayyanar sinima a 1895 fitilar ta ja baya, amma sunanta ya tsira. Sa'ad da gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa aika motocin nuna fim garuruwa da ƙauyuka, ana yi wa jama'a horo kan tsabta da noma, majigi Hausawa suka kira abin. Saboda haka ya kamata mai kallon hoto a bango ya tambayi kansa, wa ke riƙe da fitilar, me kuma yake nufi da shi.