Amsar Wasiƙunku: "Herbicide" Da "Insecticide" Ba Ɗaya Ba Ne

 

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi can wajen Funtuwa. Ya ce ƙwari sun dami wakensa yana cikin fure, sai ya aiki ɗansa kasuwa sayen magani. Aka yi feshi. Bayan mako guda wake ya yi rawaya, ya bushe ƙurmus. Da ya nuna wa malamin makaranta kwalbar, sai aka ga an rubuta "herbicide". Shi ne yake tambaya, ashe ba duk maganin feshi ɗaya ba ne?

To Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Ai kama da wane ba wane ba ne. Kalmomin nan biyu na Turanci wutsiyarsu ɗaya, wato "cide", wadda asalinta Latinanci ne, ma'anarta kisa. Farkon kalmar shi ke gaya maka wanda za a kashe.

"Insect" ƙwaro ke nan, saboda haka "insecticide" maganin ƙwari ne, irin su cypermethrin da ake fesa wa wake da auduga. "Herb" kuwa tsiro ne, ka ga "herbicide" shi ne maganin ciyawa. Amma fa ku lura, tsiro aka ce. Irin su glyphosate ba su san wake ba, ba su san ciyawa ba, duk ɗanyen ganyen da suka taɓa ya tafi. Atrazine kuma masara tana jure shi, amma yana kashe wake.

Akwai ta uku, "pesticide". Wannan sunan gidansu ne gaba ɗaya, ganinta kaɗai bai isa ka saya ba.

Ga wanda bai yi boko ba, ga dabara: dubi harafin farko. In ka ga H, tuna da haki, na ciyawa ne. In da hali, ware masa injin feshi daban, don saura kaɗan a ciki yana iya ƙone tumatir.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah, ku daina juye magani a kwalbar da ba ta da takarda. Ku tambayi mai saye abin da zai fesa wa.

Wanda ya yi shakka ya nemi malamin gona, matambayi ba ya ɓata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.