Ciwon Baya Bayan An Cire Ƙoda: Jawabi Ga Jama'ar Tafoki Da Kewaye

Jawabin yau ya shafi waɗanda likita ya yi wa aiki ya cire musu ƙoda guda, suka komo gida, sa'an nan ciwon baya ya tsaya musu. Ya kuma shafi iyalansu, gama su ne masu jinya, su ne kuma masu zuwa kemis sayen magani. Irin waɗannan majinyata ba su da yawa a ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, amma kuskuren da a kan yi wajen nema wa bayansu sauƙi yana iya cinye ƙodar da ta rage, ita kuwa ba ta da 'yar'uwar da za ta karɓe ta.

Ƙoda biyu Allah ya yi wa ɗan Adam, ɗaya dama ɗaya hagu, suna kwance can wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe. Kowace ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Aikinsu tace jini. A cikin yini da kwana su kan tace ruwa kamar lita 180, su mayar da kusan dukansa cikin jini, abin da ya saura, wajen lita ɗaya da rabi, shi ne fitsari. Likita ba ya cire ƙoda sai da dalili mai ƙarfi: ko ciwon daji ya kama ta, ko tsakuwa ta toshe mata hanya har ta mutu ta tara mugunya, ko tsargiya da aka daɗe ba a yi maganinta ba ta ƙuntata hanyar fitsari, ko mugun rauni na haɗarin mota ko na harbi ya fasa ta. Akwai kuma mai lafiya garau wanda ya ba ɗan'uwansa tasa kyauta.

Aikin ba sabo ba ne. Wani likita Bajamushe, Gustav Simon, shi ya fara cire ƙoda da niyya a birnin Heidelberg cikin 1869, matar da ya yi wa kuwa ta rayu. Cikin 1954 a birnin Boston na Amurka aka ɗauki ƙodar wani saurayi, Ronald Herrick, aka dasa wa ɗan tagwayensa. Shi Ronald ya zauna da ƙoda guda shekara 56, bai rasu ba sai 2010. A nan ƙasar, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda cikin 2002. An kawo wannan ne domin masu cewa mai ƙoda guda rabin mutum ne. Ba haka ba ne. Wadda ta rage ta kan ƙara girma cikin 'yan watanni, ta ɗauki kamar kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun suke yi, wannan kuwa ya ishi mutum noma da aure da haihuwa.

To, me ke kawo ciwon bayan? Mutane da yawa suna zaton gurbin da ƙodar ta bari ne yake ciwo, har waɗansu su ce iska ta shiga. Gurbi ba ya zama wofi, hanji da kitse su kan matso su cike shi. Ciwon daga hanyar da aka bi aka isa ƙodar yake. Idan aikin buɗewa aka yi, a kan kwantar da majinyaci ta gefe, a lanƙwasa gadon aiki domin kwiɓi ya miƙe, ya zauna haka sa'a biyu ko uku ko fiye ba motsi. Sa'an nan a tsaga tsoka hawa uku, wani lokaci har a yanke wani yanki na haƙarƙarin ƙarshe. Tsokar nan ita ce ke riƙe da gadon baya duk sa'ad da mutum ya sunkuya, ko ya juya, ko ya yi tari. Har wa yau akwai wata siririyar jijiya da ke bin ƙarƙashin haƙarƙarin, in an ja ta ko an taɓa ta, sai majinyaci ya riƙa jin zafi kamar na barkono, ko tsira kamar ta allura, ko kuwa fatar wurin ta mutu murus. Tun daga 1990 aka sami wata hanya ta yin aikin da na'ura ta 'yan ƙananan huji. Ciwonta ya fi sauƙi, amma ita ma ba ta rasa nata, har da ciwon kafaɗa na kwana biyu ko uku saboda iskar da a kan hura cikin ciki.

Akwai wani dalilin da majinyaci da kansa ya kan ƙara. Don tsoron kada ɗinki ya buɗe, sai ya riƙa tafiya a karkace, ya kwanta yini guda a kan tabarma. Tsokar da ba ta aiki ta kan sandare ta yi rauni, gefen da ba a taɓa ba kuma ya gaji da ɗaukar nauyin biyu. Nan da mako uku sai a ji yana kuka da baya duka.

Ga yawancin mutane zafin ya kan ragu ƙwarai cikin mako biyu zuwa uku, tsoka ta haɗe cikin mako shida, ƙarfi kuwa ba ya komowa sosai sai wata biyu ko uku. Waɗansu ciwon jijiyar nan ya kan bi su fiye da haka. Wanda ya wuce wata uku yana fama ya koma wa likita, domin akwai magunguna na musamman na ciwon jijiya, akwai kuma allurar da a kan yi a wurin, da sashen gashin ƙashi da motsa jiki a manyan asibitoci.

Babban magani a makonnin farko shi ne tafiya. Ba tafiyar kasuwa ba, 'yar zagayawa dai: yau daga ɗaki zuwa zaure, gobe zuwa ƙofar gida, jibi zuwa masallaci, kullum a ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. In zai tashi daga kwance, kada ya yunƙura kai tsaye. Ya fara mirginawa ta gefe, ya sauko da ƙafafu, ya tokara hannu ya ɗago. In tari ko atishawa ta zo, ya danna matashi a kan ɗinkin. In zai yi barci ta gefe, ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Wanda shimfiɗarsa a ƙasa take, ya kyautu a nemo masa gado ko a ɗaga masa katifa, gama tashi daga ƙasa ya fi kome wahalar da kwiɓi. Tsumma mai ɗumi a bisa tsokar baya yana kawo sauƙi, amma ban da kan miki, ban da kuma inda fata ta mutu, don mutum ya kan ƙone bai sani ba. A ci ganye da 'ya'yan itace kada ciki ya ɗaure, yunƙuri a bayan gida yana tayar da ciwon. Salla kuwa, addini ya yi rangwame: wanda ruku'u da sujada suke wahalar da shi ya yi ta a zaune har ya sami sauƙi.

Sai maganar aiki, wadda ita ce ta fi wuya ga manomi. Likitoci sun hana ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar har mako shida. Buhun taki kilo 50 ne, na masara ya ninka haka. Idan aikin asibiti ya faɗo daidai da saukar damina, mai gida ya kan dubi gonarsa ya ga maƙwabta sun gama huɗa, sai zuciya ta ɗebe shi ya ɗauki garma. Abin da ke biyo baya shi ne ɗinkin ciki ya saki, hanji ya turo fata ya yi ƙullutu a kwiɓi, a koma asibiti a sake aiki, damina biyu ta tafi maimakon guda. A nan ne dangi da maƙwabta za su nuna zumunci, a yi masa gayya, ko a ɗauki 'yan ƙodago. Haka nan mace: ban da daka, ban da jan guga, ban da ɗaukar tulu da goyon yaro mai nauyi. Abin mamaki, a kan tausaya wa namiji a hana shi gona wata biyu, amma mace mako guda da sallamarta sai a ga taɓarya a hannunta. Wuƙa ɗaya ce ta yanke su. Hawan babur a hanya mai gargada shi ma a rage shi sai don tilas.

Yanzu ga abin da ya fi kowanne nauyi cikin jawabin nan. Magungunan da aka saba saya don ciwon baya da ciwon jiki, watau ibufurofen, da dikilofenak, da firoksikam wanda ake sayarwa da sunan Feldene ko Felvin, duk suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai ƙoda biyu ma in ya yawaita su suna cutar da shi, balle mai guda, balle kuma a cikin zafin bazara sa'ad da jiki ya rasa ruwa. Haɗin nan da a kan ƙulla a leda, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi dabam dabam ba suna ba takarda, galibi akwai irin waɗannan a ciki. Ba shakka suna kashe ciwo nan da nan, shi ya sa ake son su. Amma ƙoda ba ta kuka da wuri. Sai ta yi nisa da lalacewa kafin ƙafa ta kumbura. In ta tsaya, ba abin da ya rage sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku kowane mako, kamar sa'a huɗu a kowane zama, a birni mai nisa, da kuɗin da ya kan cinye gona da shanu.

Wanda likitoci suka fi amincewa da shi ga mai ƙoda guda shi ne farasitamol. Babban mutum ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya maimaita sai bayan sa'a shida, kada kuma ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana, gama in ya yi yawa hanta yake ci. Taramol sai da takardar likita, na 'yan kwanaki, domin yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, kowa kuwa ya ga abin da ya yi wa samari. Maganin tari mai kodin tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi. Duk inda majinyaci ya je, ko kemis ko ɗakin shan magani, kalmar farko da zai faɗa ita ce, "Ƙodata guda ce."

Game da jiƙe-jiƙe da sassaƙe da saiwoyi da masu talla ke yawo da su ran kasuwa, ba a san abin da ke ciki ba, ba a kuma san awonsa ba, ƙoda ce kuwa za ta tace shi duka. A ƙyale su, tare da yawan kanwa. Wanzami yana da nasa aiki, amma kada a kafa ƙaho ko a yi tsaga ko sakiya kusa da ɗinki.

Ba kowane ciwon baya ne na haƙuri ba. A gaggauta zuwa asibiti in ciwon ya zo da zazzaɓi da rawar ɗari, ko miki ya yi ja yana fid da ruwa ko mugunya, ko fitsari ya ragu ƙwarai ko ya fito da jini. Haka kuma in ciwon ya koma gefen da ba a yi wa aiki ba, musamman mai murɗawa yana sauka mara, domin wataƙila tsakuwa ce ta tare ƙodar da ta rage, wannan kuwa ba ya jiran wayewar gari. Kumburin ƙafa guda mai zafi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, alama ce ta gudan jini. Wanda aka cire wa ƙoda saboda daji, in ya ji sabon ciwo cikin ƙashin baya mai hana barci, ko ƙafafu suka yi sanyi, ko ya kasa riƙe fitsari, shi ma ranar nan ya tafi. Babban Asibitin Funtuwa da na Ƙanƙara suna kusa, su ne kuma za su tura shi gaba, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. Tun da tafiyar dare ba kullum take yiwuwa ba a wannan yanki, kada a ga alama da hantsi a ce bari a duba zuwa magariba.

Ko bayan baya ya lafa, ƙodar tana bukatar tsaro. A sha ruwa isasshe har fitsari ya yi haske, sai fa in likita ya ƙayyade. A rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram biyar, watau kamar ƙaramin cokali guda. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ƙoda, saboda haka a riƙa auna su, a kuma gwada jini da fitsari ko da sau ɗaya a shekara. Mai feshin maganin ciyawa ya rufe hanci da jiki, ya yi wanka da ya gama. Azumi kuwa, yawancin masu ƙoda guda mai lafiya suna yinsa, amma wanda bai daɗe da aiki ba ya tambayi likita tukuna, in an ce ya dakata ya rama daga baya.

Takardar sallama da katin asibiti a adana su cikin leda, wuri guda da kowa a gidan ya sani. Ranar da aka rubuta ta komawa ganin likita a je, ko da an ji garau, a tafi kuma da kwalayen dukan magungunan da ake sha domin likita ya gani da idonsa.