Jawabin Babbar Baƙuwa a Bikin Yaye Ɗaliban Aikin Jinya



Mai girma shugaban taro, shugaban kwaleji, malamai, iyaye, da ku 'ya'yana da ake yaye ku yau, barkanmu da ganin wannan rana.

Akwai ɗakin da ɗalibai da yawa ke addu'ar kada a tura su aiki cikinsa, wato ɗakin masu taɓin hankali. Wasu duka suke tsoro. Wasu kuma, ko ba su faɗa ba, a ransu ciwon na aljanu ne ko sammu, ba na asibiti ba. Da wannan muka taso a gidajenmu, kuma karatun shekara uku ba lalle ya kankare shi ba.

Ku dubi hanyar da majinyacin ke bi. Kafin a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayar da 'yar akuya, wataƙila har an sa shi a mari. Asibiti ne zangon ƙarshe na iyalinsa, sun iso a gajiye, kunya ta rufe su. Idan nas ta yatsina fuska, ko ta daka masa tsawa a gaban mahaifiyarsa, ba za su dawo karɓar magani ba. Ciwon kuwa zai dawo.

Kada ku zaci a asibitin ƙwaƙwalwa kaɗai za ku gamu da su. Mai jegon da ta daina barci, ta ƙi shayar da jaririnta, a ɗakin haihuwa za ta same ku. Haka saurayin da tramadol ya kayar. Ku zauna, ku tambaya, ku saurara, ku tura su ga likita da wuri.

Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, ya nuna cewa ana iya jinyarsu cikin mutane. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare haƙƙin majinyaci. Hannuwanku ne za su kai ta bakin gadonsa.

Roƙona shi ne, lokacin zaɓen fannin ƙarin karatu, a samu daga cikinku masu ɗaukar jinyar ƙwaƙwalwa, iyaye kuma kada ku hana su.

Allah Ya yi wa aikinku albarka. Wassalamu alaikum.