Ciwon Baƙin Ciki: Na Yaro Dabam, Na Tsoho Dabam

Iyayenmu dattawa, da ƴan'uwa da suka zo daga Kano, Damagaram da Yamai, barkanmu da sake ganawa a Matamaye.

Mu malaman lakwal ne, ba lokotoro ba. Amma abin da muke gani a aji shi ya sa muka nemi izinin magana. Akwai baƙin cikin da ba na ranar rasuwa ba ne. Yana kama mutum sati biyu ko fiye, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, abin da yake so da ya fita ransa. Ciwo ne, kuma yana da magani, sai dai maganin yana bin shekaru.

Yaro ba ya cewa ransa ya ɓaci. Sai faɗa, sai ciwon kai, sai gudun lakwal, mu kuma mu ɗauko bulala. Allah ya yafe mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba ƙwayar wannan ciwo. Ko saurayi ko budurwa, da zama da magana ake fara musu. Tramol kuwa, da samarinmu ke saye a tasha, ƙara ciwon yake yi.

Sai mai jego. A ƙauyukan Pakistan, binciken da aka buga a 2008 ya nuna haka: matan da ma'aikatan lafiya na ƙauye suka riƙa bi gida suna koya musu sauya tunani, kashi 23 cikin 100 suka rage da ciwon wata shida bayan haihuwa. A wajen sauran, kashi 53.

Iyayenmu, ga naku. A ƙasar Yarbawa, binciken Farfesa Oye Gureje na Ibadan, a 2007, ya tarar tsoho ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin wannan ciwo. Tsoho yakan ce jiki ne, ko mantuwa, mu ce tsufa ne. Mu da ke ci-rani mu aiko kuɗin hatsi, mu ɗauka mun gama. Ƙwaya tana yi wa tsoho aiki, amma da kaɗan ake farawa, sai ta yi sati biyu zuwa huɗu kafin a ga sauƙi, kuma ba a yanke ta don an ji dama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu daga Zimbabuwe yake. Can Dokta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata saurare. Suna zama kan benci a harabar likita, mai damuwa ya zo sau shida, su warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. A sakamakon 2016, kashi 14 suka rage da alamun ciwon, sauran kuwa kashi 50. Benci ne fa, da kaka!

Kakanni dai muna da su. Muna roƙon ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, su je asibitin Matamaye kafin damina, su tambayi wanda zai iya koya wa iyayenmu mata wannan aiki. Wanda kuwa ya ji ɗan'uwansa na zancen kashe kansa, kada ya bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar nan.